Wuta Ba Ta Cin Ƙasa

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare na yi wata ɓarna da har yau ban manta da ita ba. Hutun watan Disamba ne, na je ƙauyenmu da ke kudancin Kano, ba nisa da dajin Falgore. Hunturu ya kankama, leɓɓa sun tsattsage, ciyawa ta bushe ƙamas. Mu huɗu muka fita farautar gafiya da karnuka biyu, ni ne mai ashana a aljihu.

Abin da muka yi niyya ba sabon abu ba ne. Za mu cinna wuta a ciyawar bakin rami, hayaƙi ya koro gafiya, karnuka su cafke. Shekarar da ta gabata ma haka muka yi a daidai wannan wuri, wutar ta ɗan ci ta mutu da kanta, muka koma gida da gafiya biyu muna taƙama. Shi ya sa ko ɗar ban ji ba da na ƙyasta ashanar.

Sai dai a wannan karon gambar ta fi ni tsayi. Kafin ka ce kwabo wuta ta tashi sama tana ƙara, iska ta kwashe ta ta nufi gonar wani maƙwabcinmu da bai gama kwashe amfaninsa ba. Muka karyo rassa muna bugu, amma ina! Karnukan ma gudu suka yi. Mutanen gari suka fito da ɗanyen ganye da bokitai, aka yi ta fama har la'asar. Wutar ba ta tsaya ba sai da ta kai burtali, inda shanu suka tattake ƙasa babu ko tsinke. Ta cinye dammunan dawa sama da ashirin da harawar da mutumin ya tara wa awakinsa.

Mai gonar yana da 'ya'ya shida. Bai zage mu ba, bai ɗaga hannu ba. Tsayawa kawai ya yi yana kallon toka. Wallahi da dukana ya yi da ya fi mini sauƙi. Washegari kakana ya buɗe rumbunsa ya biya abin da zai iya, a shekarar kuwa sai da gidanmu ya sayi hatsi tun kafin damina ta faɗi.

Da dare kakan nawa, wanda muke kira Baba Tsoho, ya kira ni. Ina jiran faɗa sai na ji tambaya.

"Abokina, bara da kuka kunna, me ya hana ta cin gonar kowa?"

Na ce, "Baba, ina jin babu iska ne."

Ya ce, "Akwai iska. Bara damina ta yi gardama, ciyawa ba ta wuce gwiwa ba, ɗan abin da ya fito ma shanu sun cinye. Bana ruwa ya yi albarka. Kai ka duba ashanarka, ba ka duba dajin ba. Ka ga inda ta tsaya? Wuta ba ta cin ƙasa, sai ta sami abin ci."

Yanzu ina aji biyu a jami'a, ina karanta ilimin labarin ƙasa. Ranar da malaminmu ya fara darasin gobarar daji, sai na ji kamar Baba Tsoho ne ya shigo aji riƙe da alli. Ya ce gobarar daji tana buƙatar abu uku: abin da za ta ci, da yanayin da zai busar da shi, da abin da zai kunna ta. Ni kuwa sai na tuna da murhun kakata mai duwatsu uku. Ka cire ɗaya, tukunya ba za ta zauna ba.

Ƙannena ɗalibai, ku duba wannan. Hamadar Sahara ta fi ko'ina zafi da bushewa a nahiyarmu, amma ba a jin labarin gobarar daji a tsakiyarta, domin babu abin ci. A wuraren da ciyawa take da ƙaranci, kamar arewacinmu da Jamhuriyar Nijar, shekarar da aka yi ruwa mai yawa ita ce ake fargabar gobara idan rani ya shigo. Shi ya sa a yankunan makiyaya na Nijar ake share dogayen layuka a cikin daji bayan damina, don wuta ta zo ta tarar da ƙasa tsirara ta tsaya. A manyan dazuzzuka masu duhuwa kuwa abin ci ya yi yawa, bishiyoyi da ganyayen da suka zuba shekara da shekaru, amma damshi ne ke tsare su. A irin waɗannan wurare wuta jiran fari take yi.

To a nan sauyin yanayi yake shigowa. Duk sa'ad da iska ta ƙara ɗumi, ƙishirwarta ƙaruwa take yi. Masana sun auna cewa idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyos, iska tana iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa kusan kashi 7 cikin 100. Daga ina za ta samo shi? Daga ƙasa, da ganye, da itace. Wanda ya taɓa shanya kayan makaranta a watan Maris ya san yadda suke bushewa nan da nan. Haka daji ma yake bushewa, sai itacen da a da ba zai kama ba ya zama makamashi.

Abin da ya faru a ƙasar Kanada a 2023 ke nan. Kanada ƙasa ce mai tsananin sanyi a arewacin Amurka, mai dazuzzukan da ba a ganin ƙarshensu. A shekarar dusar ƙanƙara ta narke da wuri, aka shiga zafi da fari irin wanda ba a saba gani ba, tsawa kuma ta riƙa kunna wuta a wuraren da babu kowa. Kafin shekara ta ƙare, kusan hekta miliyan 15 ta ƙone. Wannan ya kai girman Jihar Kano sau bakwai, kuma ya ninka mafi munin abin da ƙasar ta taɓa gani a shekara guda. An kwashe mutum sama da 200,000 daga gidajensu. A watan Agusta, kusan dukan mazauna birnin Yellowknife, wajen mutum 20,000, sai da suka bar garin. A watan Yuni kuwa hayaƙin ya tsallaka iyaka ya rufe birnin Niyok na Amurka, sararin sama ya koma ruwan goro da tsakar rana.

Hayaƙin nan bai tsaya ga sa tari da hawaye ba. Bishiya tana girma ne ta hanyar zuƙar iskar kabon daga sama tana adana ta a jikinta. Idan ta ƙone, abin da ta tara shekara hamsin ko ɗari sai ya koma sama a wuni ɗaya, kuma wannan iska ita ce kan gaba wajen ɗumama duniya. Masana na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, sun ƙiyasta cewa gobarar Kanada ta 2023 ta saki kabon kusan tan miliyan 640. Ƙasashe uku ne kawai, Sin da Amurka da Indiya, suke fitar da fiye da haka a shekara ta hanyar ƙona fetur da gas da kwal. Kun ga abin ya zama zagaye: zafi ya busar da daji, daji ya ƙone, hayaƙinsa ya ƙara zafi.

Da na ji haka sai na tambayi malaminmu, to mu fa da muke ƙona daji kowace shekara? Ya ce hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna kusan kashi biyu cikin uku na filin da ke ƙonewa a duniya duk shekara a Afirka yake. Gabana ya faɗi. Amma ya ce akwai bambanci. Yawancin tamu wutar ciyawa ce, mai kama da wutar kara, ta tashi fuu ta mutu. Da damina ta dawo, ciyawa ta sake fitowa ta zuƙe mafi yawan kabon ɗin da aka saki. Bashi ne da ake biya cikin shekara guda. Shi kuwa babban daji sai ya yi shekaru gommai kafin ya biya nasa, kuma idan wata gobarar ta riske shi kafin ya farfaɗo, bashin sai ya hau kan bashi.

Ya ƙara da wani abin mamaki. Daga 1998 zuwa 2015 filin da ke ƙonewa a duniya ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, galibi saboda an mayar da filayen ciyawa gonaki, wuta ta rasa abin ci. Amma hayaƙin bai ragu daidai da haka ba, domin dazuzzuka masu manyan bishiyoyi sun ƙara ƙonewa, kuma hekta ɗaya ta irinsu ta fi hekta ɗaya ta ciyawa fitar da hayaƙi nesa ba kusa ba.

Akwai abin da ya ɗaure mini kai har na kai wa Baba Tsoho ƙara. A dazuzzukan arewacin Kanada, ganye da gansakuka suna taruwa a ƙasa shekaru aru-aru, sanyi ya hana su ruɓewa sosai. Idan fari ya yi tsanani, wannan shimfiɗa ma kamawa take yi, wuta ta nutsa ciki tana ci a hankali. Wasu daga cikin gobarar 2023 a haka suka yi sanyi gaba ɗaya a ƙarƙashin dusar ƙanƙara, suka sake tasowa a 2024. Da na je hutu na ce masa, "Baba, ashe akwai inda wuta take cin ƙasa." Na kwashe labari na gaya masa. Ya yi dariya ya ce, "Abokina, ai wannan ba ƙasa ba ce, juji ne. Ba ka ga jujin bayan gari yana kwana uku yana hayaƙi ba?" Na rasa ta cewa, don gaskiyarsa ce.

Kada wani ya karanta wannan ya ce ashe tamu gobarar ba ta da laifi. Ni na ga laifinta da idona. Tana kashe ƙananan bishiyoyin da za su zama kaɗanya da ɗorawar gobe. Tana cinye abincin dabbobi a lokacin da makiyayi ya fi buƙatarsa. Tana barin ƙasa tsirara, iska da ruwan farko su kwashe ta. Hayaƙinta yana haɗuwa da ƙurar hunturu ya wahalar da masu asma da tsofaffi. Kuma duk bishiyar da ta ƙone ba a sami madadinta ba, bashinta yana nan a sama ba a biya ba. Ga shi kuma mu ma zafi yana ƙaruwa a wajenmu. Duk shekarar da damina ta cika daji da ciyawa, rani kuma ya zo ya busar da ita, duwatsun murhu biyu sun riga sun zauna.

Saura na uku. A Kanada tsawa ce take kunna da yawa daga cikin manyan gobararsu, babu wanda zai iya hana ta. A wajenmu kuwa da rani babu hadari balle tsawa. Kusan kowace gobarar daji hannun mutum ne: mafarauci, ko mai shan taba, ko mai cire zuma, ko manomi mai sharar gona, ko yaro irina mai ashana a aljihu. Ɗumamar duniya ta fi ƙarfin ɗalibin sakandare shi kaɗai, amma wannan dutse na uku a hannunmu yake. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Idan kun je hutu ƙauye, ku taya iyaye share gefen gona da kewayen rumbu da inda aka tara kara da harawa. Idan dole sai an ƙona wani wuri, manya su tsaya a kai, a yi shi da farkon rani tun ciyawa tana da sauran damshi, da yamma lis bayan iska ta kwanta, kuma kada a tafi sai an ga ta mutu murus. Farautar gafiya da wuta kuwa, ku tambaye ni kuɗin gafiya ɗaya: dami ashirin da ɗoriya.

Maƙwabcin nan namu yana nan da ransa. Duk zuwan da na yi sai na je na durƙusa na gaishe shi, shi kuwa ya tambaye ni karatu, bai taɓa tayar da maganar ba ko sau ɗaya. A hutun da ya wuce ni da ƙanena mai shekara goma sha biyu muka ɗauki fartanya muka share masa gefen gona ta wajen daji, faɗin taku shida. Muna cikin aiki ƙanen nawa ya sunkuya, sai ga kwalin ashana ya faɗo daga aljihunsa. Na ɗauka na sa a nawa aljihun, na ce masa ya ajiye fartanya ya zo mu je burtali, akwai abin da zan nuna masa.