Ajiyar Buta

Mu 'ya'yan masu shayi ne, waɗanda aka haifa a Arewa aka raina a zangunan Kudu. Tun ba mu iya riƙe allo ba muka san cewa shekara kashi biyu ce: watannin da tebur ke waje, da watannin da yake kife a ɗaki. Da zarar labari ya iso cewa ruwan shuka ya sauka a gida, wajen Mayu ko Yuni, sai iyayenmu 'yan ci-rani su fara haramar komawa gona. Mai gyaran takalmi ya rataye akwatinsa, shi ke nan ya gama. Mai shayi kuwa sai ya ɓata kwana uku, domin kayan sana'arsa ba sa son zama.

Babbar buta ake fara saukewa. A matse lemun tsami a cikin ruwa a tafasa, har farin ɓawon nan da ke manne a gindinta ya saki, sa'an nan a dirje ta da toka da soso. A tsiyaye kananzir daga risho, a zare lagwani. Kaskon suyar ƙwai a wanke shi, a mayar kan wuta ya bushe, a shafe shi da man gyaɗa. Gwangwanayen madara da sukari ba a barin ko ɗigo a cikinsu, in ba haka ba tururuwa da kyankyasai ne za su gaji ɗakin. Bayan duk wannan sai shanya. Mu yara mu ke gadi, ido ɗaya a kan kaya, ɗaya a kan hadari.

"Ku yara," in ji Baba, "kada wanda ya rufe mini bakin butar nan. Ku bar ta ta sha iska."

A lokacin gani muke fitina ce kawai irin ta tsofaffi. Ashe ƙasar ce ba irin tamu ba. A Kano mutum ya jefa wuƙa a lungu ya dawo baɗi ya same ta garau. A Fatakwal kuwa ruwan da ke sauka a shekara ya ninka na Kano fiye da sau biyu, laima tana cikin iskar da ake shaƙa. Ƙarfe ya yi tsatsa, katako ya yi fumfuna, ruwan da aka manta a gindin buta ya cinye ta a hankali har ya huda.

Abin da ya tuno mana wannan duka shi ne ƙanenmu, wanda ke aikin kuku a gidan wani ma'aikacin kamfanin mai a Fatakwal. Maigidan zai tafi ƙasarsu hutun wata huɗu, ya bar masa wata na'urar gahawa irin ta Italiya, mai tura ruwan zafi da ƙarfi ta cikin garin gahawa, wadda kuɗinta ya fi jarin teburin Baba sau da yawa. Ya yi ta ja masa kunne: a zubar da ruwan tanki, a tsiyaye wanda ya saura a tukunyar ciki, a wanke ɓawon bututu da ruwan tsami, a goge garin gahawa tas domin maiƙonsa kan yi wari, a cire mariƙin don kada ya danne robar bakin ta taurare, a zare waya daga wuta, kada kuma a ƙulle ta a leda sai ta bushe. Ƙanenmu ya saurara har ƙarshe, ya ce masa, "Ranka ya daɗe, ai wannan karatun tun ina shekara bakwai na sauke shi."

Amma akwai ajiyar da Baba bai cika son ba da labarinta ba. Kafin ya koma Anacha, inda muka tashi, a Inugu ya fara kafa tebur, garin da Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, ya taɓa riƙewa a matsayin magajin gari. A 1966, bayan kisan da aka yi wa Ibo a garuruwan Arewa da ramuwar da ta biyo baya a Gabas, gwamnan soja na yankin, Odumegwu Ojukwu, ya umarci baƙi su fice. Baba ya sami yini guda kacal. Ya wanke, ya shanya iyakar abin da rana ta yarda, ya ɗaure kaya a buhu, ya damƙa wa matar mai gidan da yake haya. Bai ce mata yaushe zai dawo ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Inugu ta faɗa hannun sojan tarayya a watan Oktoba na 1967, mutanen gari suka watse cikin ƙauyuka. Yaƙi ya ƙare a Janairun 1970, Baba bai sake taka garin ba sai bayan shekara guda. Risho da kasko da kofuna, duk abin da ya naɗe da kyau ya bari a ɗaki, an kwashe. Sai ga matar ta fito da buta, baƙa ƙirin, gefe guda a lotse, tana ba shi haƙuri. Ta ce da za su gudu ita ta ɗauka, a cikinta ta riƙa tafasa wa 'ya'yanta ruwa wata da watanni. Biyu daga cikinsu ba su dawo ba. Baba ya ce ya rasa ta cewa, sai ya sayo ganye da sukari ya dafa musu shayi a cikinta. Da wannan buta ya ciyar da mu, ita muka yi ta gadi a rana ba mu san tarihinta ba.

Namu rabon ya zo a Fabrairun 2006, lokacin da rikicin Maiduguri ya jawo ramuwa a Anacha. Wannan karon ko yini ba a samu ba. Wasu suka nufi barikin soja, mu muka tsallaka gadar Neja zuwa Asaba da rigunan jikinmu. Maƙwabcinmu, wani dattijo mai shayi da bai taɓa barin kofi ya kwana da datti ba, ya bar butarsa a kan wuta. Da muka koma bayan makonni muka tarar da ita a gefen kwata, da sauran ruwa a ciki ya yi kore. Shi bai dawo ba, bai kuma aiko ba.

Tana wurinmu har yau. Gindinta ya riga ya huje wuri biyu, ba za ta sake dafa wa kowa shayi ba, an kuma sha ce mana mu sayar wa 'yan gwangwan. Duk shekara, idan hunturu ya leƙo Kudu a watan Disamba, mukan fito da ita mu dirje da toka, mu shanya kwana uku, mu mayar da ita ƙarƙashin gado, murfin a gefe.