Jujin Bayan Gida da Garaken Mirriya

A Mirriya ta da, da wuya ka shiga gidan manomi ka rasa juji. Can bayan danga, ko a lungun da ake ɗaure awaki, ake tara duk abin da tsintsiya ta kwaso: tokar murhu, ƙaiƙayin gero daga wurin sussuka, ɓawon gyaɗa, kashin kaji, da ragowar harawar da tumaki suka tattake da fitsari a gindin turke. Ruwan wanke-wanke ma can yake ƙarewa. Damina ta jiƙa shi, rani ya gasa shi, har ya nuna.

Wanda ya taɓa tsayawa wurin fasa juji da bazara ba zai manta ba. Samansa busasshe ne, fari-fari, amma da hauya ta shiga ciki sai ka ga baƙi wuluk, mai laushi da ɗumi, yana ƙamshi irin na ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Gwazarma farare ƙosassu su yi ta mirginowa, kaji na rububinsu. Yara su cika mangala, a aza wa jaki, a nufi gona ana sauke takin tsibi-tsibi. Masu garka su ne gaba wajen nemansa, domin albasa da tumatir da kabeji da ake kaiwa kasuwar Lahadi, ko a wuce da su birnin Damagaram mai nisan kamar kilomita 18, ba sa yin kyau a ƙasa mai yunwa. Tsohon mai garka kuwa ba ya yarda da ɗanyen taki. Sai ya damƙa ya murza a tafin hannu. In ya ga kashin awaki ƙwaya-ƙwaya bai ruɓe ba, ya ce a mai da shi, zai ƙone masa dashe ya kuma kawo masa ciyawa.

Gonakin jigawa masu nisa, waɗanda jaki ba zai iya wadatarwa ba, suna da tasu hanyar. Bayan girbi Fulani kan sauka da garkensu, shanu su ci kara su bar taki, mai gona ya sallami makiyayi da damin gero. Sai kuma gawo, bishiyar da ke kaɗe ganyenta da damina, lokacin da shuka ke son rana, ta yi kore da rani dabbobi su fake a inuwarta suna cin ƴaƴanta suna kashi. Duk manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili. Dattawa na cewa Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya sa doka mai tsanani a kan saran gawo, har ta kai ga hukuncin kisa. Bayan farin 1973 da na 1984 manoman Mirriya da Magarya da Matamaye suka koma barin ƴaƴan itace su tashi a gona, kuma binciken da aka yi a 2006 ya kiyasta filin da ya farfaɗo haka da kusan hekta miliyan 1, akasari gawo.

Gawo ya dawo, amma juji bai dawo yadda yake ba, kuma wannan shi ke damuna. Jama'a ta yi yawa, gonaki sun tsuke, kara ya zama abin sayarwa, ana kwashe shi tas don dabbobin gida da danga da girki. Makiyayi ya daina samun abin da zai tsayar da shi. Takin zamani ya shigo da sauƙinsa, buhu guda a bayan babur, har matasa suka fara ganin ɗaukar mangala ƙauyanci ne. Sai dai buhun nan kuɗin waje ke sayo shi. Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994 talaka ya ji a jikinsa, haka ma a 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashin taki a duniya. Ƙasar rairayi irin tamu kuma, in babu ruɓaɓɓen taki a cikinta, ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe sinadarin da aka zuba mata; ƙuduji ne ke cin moriyar gonar da ta gaji.

Babbar ɓarnar ita ce leda. Jujin yau rabinsa baƙar leda ce da ledar ruwa da matattun batura da fasassun kwalabe. A kai shi garka ya hana saiwa tafiya, akuya ta haɗiye ledar ta rame. Nijar ta kafa dokar hana irin wannan leda tun 2014, amma kowa na ganin abin da iska ke ratayewa a ƙaya.

Abin da malaman gona ke koyarwa yanzu bai yi nisa da jujin iyayenmu mata ba, gaggauta shi kawai aka yi. A haƙa rami kamar zurfin mita 1 a inuwa, a shimfiɗa sararren kara ko ƙaiƙayi, a bi da kashin dabbobi, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa, a maimaita har ya cika, a rufe. Ana juya shi duk mako 2, zafin da yake yi a ciki na kashe yawancin irin ciyawa, kuma cikin wata 2 zuwa 3 ya nuna, maimakon jiran shekara.

Ramin ba zai yi amfani ba sai an gyara abin da ake zuba masa. Iyayenmu mata da ƙannenmu masu shara, don Allah a ajiye kwando biyu a tsakar gida: ɗaya na abin da ke ruɓewa, ɗaya na leda da batir. Masu garka kuma su riƙa biyan kuɗi mai kyau ga gidan da takinsa ya zo da tsabta.