Wa Yake Biyan Mai Shaida?

Bismillahir Rahmanir Rahim.



A shekarar 2007 wani kawuna, manomi a Unguwar Hajji, ya sayar da masararsa da bijiminsa guda, ya sayi hannun jarin wani banki. Da yake ni ne ɗan boko a gidan, ni ya miƙa wa rahoton shekara na bankin, ya ce: "Ɗana, duba mini, akwai gaskiya a ciki?" Na buɗe shafin da kamfanin binciken kuɗi ya sa hannu, na ce masa: "Kawu, masana sun shaida, kwantar da hankalinka." Bayan shekara biyu takardun hannun jarinsa ba su kai kuɗin ɗan maraƙi ba. Bai taɓa zargina ba, amma har yau abin yana damuna, domin na ba da shaida a kan shaidar da ban san mai ita ba.

Ba kawuna kaɗai ba ne. A watan Agustan 2009 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, ya zuba musu naira biliyan 420 don kada su durƙushe. Bincike na musamman ne ya tono munanan basussukan da rahotannin shekara ba su nuna wa talaka ba. Kafin wannan, a 2006 ta bayyana cewa an kumbura lissafin Cadbury Nigeria da kimanin naira biliyan 13, kuma a 2008 hukumar SEC ta ci tarar kamfanin da ya binciki lissafin, Akintola Williams Deloitte, naira miliyan 20.

To me ke sa binciken kuɗi ya yi kyau ko ya lalace? Ilimin mai binciken yana da muhimmanci, haka lokacin da aka ba shi. Amma a fahimtata, tushen al'amarin shi ne 'yancinsa. Kamfanin da ake bincika shi ne yake biyan mai binciken. Ko a ƙauye mun san cewa wanda yake cin tuwo a gidan ma'aji, bakinsa zai yi nauyi ranar da za a ƙirga kuɗin ƙungiya.

Ku dubi Amurka. A shekarar 2000 kamfanin Arthur Andersen ya karɓi dala miliyan 25 daga Enron a kan binciken lissafi, da wasu miliyan 27 a kan ba da shawara da sauran ayyuka. Ta yaya mutum zai tona asirin mai ba shi irin wannan ciniki? Enron ya rushe a 2001, Andersen ya bi bayansa a 2002.

Dokokinmu sun ɗauki darasi. Ka'idar tafiyar da kamfanoni ta 2018 ta ce kada kamfanin bincike ya wuce shekara 10 a jere a wuri ɗaya, saboda sabo yana kashe ido. Dokar kamfanoni ta 2020 kuma ta sa kwamitin binciken kuɗi ya zama mutum biyar, uku daga cikinsu wakilan masu hannun jari.

Mu Musulmi wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, magana take a kan rubuta bashi da kafa shaidu. Malaman fiƙihu kuma sun daɗe da bayyana cewa ba a karɓar shaidar wanda yake jawo wa kansa amfani da ita.

Saboda haka ɗan'uwa, yanzu da ake sayen hannun jari ta waya, kafin ka taɓa kuɗinka ko ka ba wani shawara, buɗe rahoton ka tambaya: wane ne ya bincika? Shekara nawa ya yi yana yi musu aiki? Nawa aka biya shi, kuma a kan me? Da na yi waɗannan tambayoyi a 2007, da aƙalla na ce wa kawu ya bar bijiminsa a turke.

Kai kuma mai karatun akanta, sa hannunka shaida ce, kuma akwai manomin da zai sayar da amfanin gonarsa saboda ita.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana. Wassalam.