Waƙar da Muka Juya Baya

Muna aji biyu a jami'a wani ɗan ɗakinmu ya faɗo jiki na ɓari, wai an tura masa wata waƙar Turawa ta Bluetooth, wadda in aka kunna ta daga ƙarshe zuwa farko ana jin mawaƙin yana kiran Shaiɗan. Muka taru a kan katifa ɗaya. Karon farko ba mu ji komai ba sai gunaguni, kamar mai magana da tuwo cike da baki. Sai ya faɗa mana kalmomin da za mu kasa kunne mu ji, ya sake kunnawa. Wallahi muka ji su tangaram. A daren nan mutum uku suka goge duk waƙoƙin da ke wayoyinsu.

Sai daga baya muka gane wannan tsoron ya girme mu. A 1969 jita-jita ta bazu a Amurka cewa Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ya mutu an ɓoye, masoya suka riƙa sa yatsa suna juya faifan garmaho baya don neman shaida. Mutumin kuwa da ransa. A farkon shekarun 1980 wasu masu wa'azin coci suka zargi waƙar Stairway to Heaven ta Led Zeppelin da ɗauke da yabon Shaiɗan. Matasa suka shiga naɗar waƙoƙin da aka juya a kaset suna musaya da juna, kowa yana gaya wa ɗan'uwansa abin da zai ji. Akwai mawaƙan da suka saka irin wannan saƙo da gangan, kamar Pink Floyd a faifansu The Wall na 1979, amma nasu zolaya ce, kuma da an juya ake jin magana sarai ba tare da an yi wa kowa jagora ba.

Maganar ta kai har kotu. A 1990 aka gurfanar da ƙungiyar Judas Priest a birnin Reno na jihar Nevada, bisa zargin saƙon ɓoye a waƙarsu ne ya sa wasu samari biyu suka harbi kansu a 1985. Alƙali bai kama mawaƙan da laifi ba. A shekarar 1985 ɗin nan, masana halayyar ɗan Adam biyu a Kanada, John Vokey da Don Read, sun nuna cewa mutane ba sa fahimtar ma'anar maganar da aka juya baya, amma suna jin abin da aka riga aka ce musu za su ji.

Mu masu rubuta manhaja ba mu da uzurin jin tsoro. Sauti a kwamfuta jerin lambobi ne, 44,100 a kowace daƙiƙa a faifan CD, kuma layi ɗaya ya isa a juya jerin. Don haka muka gwada. Muka naɗi muryar ɗayanmu yana lissafa cefane, muka juya ta, muka kunna wa ɗakuna biyu. Ɗaki na farko muka ce zagi ne, na biyu muka ce addu'a ce, kowanne da jimlar da muka ƙirƙira. Da yawansu sun rantse sun ji. Muka sha dariya, sai da ɗaya daga cikin 'yan ɗakin farko ya nemi sanin mai muryar don ya je ya same shi. Nan dariyar ta tsaya.

Wannan yaron ne ke faɗo mana a rai duk lokacin da iyayenmu suka turo mana murya ta WhatsApp, mai cike da hayaniya, da rubutu a samanta: ku ji abin da wane ya ce. Kafin a danna, rubutun ya riga ya gama aikinsa. Abin da ke iya biyo baya kuma ya wuce goge waƙa: sunan mutum ne, aurensa, wani lokacin ransa.

Yanzu muna roƙonsu abu ɗaya. Umma, ki ba wanda bai karanta rubutun ba ya saurara, ki tambaye shi me ya ji. In bai ji ba, kada ki tura.

Ba mu fi su ba. Kwanan baya muka sake kunna waccan waƙar ta ɗakin kwana. Mun san yadda abin yake, mun rubuta layin da hannunmu, amma har yau kalmomin nan da abokinmu ya faɗa mana muke ji.