Rakiyar da ta ɓatar da matafiyi

A cikin kalmomin faransanci da majami'ar Katolika take aiki da su, akwai wadda ta daɗe tana burge ni, wato accompagnement. Da ita ake kiran aikin mutumin da yake zama da mai bi, ya saurari damuwarsa, ya ba shi shawara a kan lamarin ruhinsa. In da za a ce in fassara ta, da "rakiya" zan ce. Bahaushe kuwa ya san ladabin rakiya: baƙo ne ya san inda za shi, mai gida taka masa kawai yake yi, in an kai mararraba ya ce a gai da gida, ya juyo. Abin da ya faru a ƙungiyar L'Arche shi ya sa na sake auna wannan kalma.

Jean Vanier, ɗan Kanada, shi ya kafa L'Arche a shekarar 1964 a ƙauyen Trosly-Breuil, arewa da birnin Paris, inda ya zauna gida ɗaya da mutum biyu masu naƙasar ƙwaƙwalwa. Daga nan gidajen ƙungiyar suka bazu a ƙasashe fiye da 30. Vanier ba limamin majami'a ba ne, amma mutane da yawa sun ɗauke shi tamkar waliyyi, suna zuwa neman shawararsa. Ya mutu a 2019 ana ta yabonsa. A watan Fabrairu na 2020 ƙungiyar da kanta ta bayyana cewa ya yi lalata da mata 6 tsakanin 1970 da 2005, mafi yawa a inuwar wannan rakiya. A 2023 wani kwamitin masana da ta ɗora wa bincike ya ce matan sun kai aƙalla 25. Ya kuma nuna cewa Vanier ya gaji ɗabi'ar ne daga malaminsa, Fada Thomas Philippe, wanda fadar Paparoma ta hukunta tun 1956, amma daga baya ya koma ba da shawara a Trosly kamar ba a yi komai ba.

Matan nan manya ne masu hankalinsu, saboda haka ba a rasa masu cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ni dai a ganina wannan karin magana zalunci ce a nan. Wadda ta zo neman shawara ta riga ta kwance ɗamararta, ta faɗi sirrin da ko mahaifiyarta ba ta sani ba, ta kuma yarda cewa mutumin da yake gabanta ya fi ta kusa da Allah. In ya ce mata abin da yake nema wata baiwa ce ta ruhi, ya kawo hujja daga Littafi, da wane baki za ta musa? An ba kura ajiyar nama, sa'an nan ana tuhumar naman.

Raunin da irin wannan cin amana yake bari ninki biyu ne. Na farko shi ne wanda likitocin ƙwaƙwalwa suka sani ga duk wanda aka ci zarafinsa: firgita, rashin barci, munanan mafarkai, jin kunya da ɗora wa kai laifi, da shirun da kan ɗauki shekaru. Na biyu ya fi zurfi. Wanda ɗan fashi ya tare yana iya gudu wurin ibada ya sami natsuwa. Wanda jagoransa na addini ya cuta, can ɗin ne aka ƙwace masa. Addu'ar da ya saba rarrashin kansa da ita, ita ce yanzu take tuna masa da muryar macucin.

Lamarin bai tsaya ga gida ɗaya ba. A ranar 5 ga Oktoba 2021, kwamiti mai zaman kansa da Jean-Marc Sauvé ya jagoranta ya ƙiyasta cewa yara 216,000 ne limamai da masu zaman zuhudu suka ci zarafinsu a Faransa daga 1950 zuwa 2020. Wata ɗaya bayan haka, bishop-bishop na ƙasar suka taru a Lourdes, suka amsa cewa majami'a tana da alhaki, suka kafa hukuma ta sauraron waɗanda aka cuta da biyan su diyya.

To, bayan wannan duka, shawarar addini tana da sauran amfani ga mai rauni? Ina ganin tana da shi, amma da sharuɗɗa. Mai ba da ita ya fara da gaskata mai kuka, ya kira laifi da sunansa. Kada ya yi gaggawar cewa a yi haƙuri, a yafe, domin yafiya haƙƙin wanda aka cuta ce, shi ya san ranarta, kuma mikin da aka rufe da mugunya a ciki ruɓewa yake yi. Ya san iyakar iliminsa, ya tura mutum wurin likita da wurin alƙali in lamarin nasu ne. Shi kansa kuma ya zama yana da wanda yake tuhumarsa, don Vanier ya daɗe yana ɓarna ne saboda girmansa ya hana a tambaye shi.

Ban rubuta wannan don wani ya yi wa Kirista dariya ba, laifi tudu ne. L'Arche ita ta tona asirin wanda ya kafa ta, alhali tana iya binne shi da gawar, kuma wannan jarunta ce da ba kowace al'umma take da ita ba. Mu malamai ma ana kawo mana sirri, ana ba mu amanar ƴaƴan mutane. Duk wanda aka ce ya yi rakiya, ya tuna cewa tafiyar ta baƙon ce, kuma ranar da baƙo ya kasa cewa "koma haka nan", an daina rakiya, an shiga kora.