Wasiƙa Daga Landan: Kufan Tashoshin Ƙarƙashin Ƙasa

  Sanyi ya fara shigowa, karatu kuma ana ta fama, sai dai addu'arku.

Tun da na sa hotunan nan guda biyar a makon jiya saƙonni suke ta shigo mini. Yaya Babba ya tambaya wai karatu aka tura ni ko yawon ramuka. Inna kuma, da Auta ya nuna mata, ta aiko cewa kufai ba wurin zuwan mutum ba ne, don ba a rasa masu shi a ciki. Shi ya sa na ga ya kamata in zauna in yi muku bayani dalla-dalla, hankalin kowa ya kwanta, kuma daga ƙarshe ina da wani roƙo.

Da farko dai, birnin Landan yana da jiragen ƙasa masu tafiya ta ƙarƙashin ƙasa, kuma nan ne aka fara irin wannan a duniya, a shekarar 1863, tsakanin Paddington da Farringdon. Yanzu akwai tashoshi 272 masu aiki. To amma a tsawon waɗannan shekaru an rufe wasu kimanin 40, wasu don rashin fasinja, wasu don an gina sabuwa kusa da su. Da yake cike rami irin wannan ya fi barinsa tsada, sai a toshe ƙofa kawai a kashe fitila. Da yawansu suna nan ƙarƙashin ƙafafun mutane, ana ta wucewa ba a sani ba.

Inna, ki kwantar da hankalinki, ba haura katanga nake yi ba. Gidan tarihin sufuri na Landan ne yake shirya ziyarar, ka sayi tikiti, a haɗa ku rukuni, jagora yana gaba wani ma'aikaci yana baya. Akwai samarin da suke shiga a sace da dare, amma wannan laifi ne a dokar ƙasar, ga kuma wutar lantarki sama da bolt 600 a jikin ƙarfen dogon. Balle ni baƙo mai takardar izinin karatu, a gan ni da kyamara cikin rami da tsakar dare, ai kun san ba za a tsaya jin bayanina ba. Tikitin dai da tsada, ya kusa kuɗin cefanena na mako, shi ya sa a shekara guda wurare uku kacal na samu shiga. Kuma kafin in sa ƙafa sai na yi addu'ar da kika koya mana.

Na fara da tashar Aldwych, wadda aka buɗe a 1907 da sunan Strand, aka rufe a 1994. Ɗan gajeren reshe ne daga tashar Holborn, kuma tun asali bai taɓa samun jama'a ba. Da na'urar hawa da sauka ta tsufa, sai hukuma ta ga fasinjan da bai wuce 450 a rana ba bai kai a kashe masa kuɗin sabuwa ba. Saboda haka da ƙafa muka sauka, matakala 160 masu murɗewa kamar dodon koɗi. A ƙasa ga sanyi, ga warin ƙura da danshi, ga shiru irin wanda ban taɓa ji ba a garin nan. A lokacin yaƙin duniya na biyu, wanda tsofaffinmu suke kira yaƙin Hitila, ɗaruruwan mutane a nan suke kwana don gudun bama-baman Jamus, kuma a cikin ramin aka ɓoye kayan gidan tarihin Birtaniya, har da sassaƙaƙƙun duwatsun nan da aka kwaso daga Girka. Wani abin dariya, takardun tallan da kuka gani a bango da yawansu ba tsofaffi ba ne, masu shirya fim ne suka manna, don sun mai da wurin wajen sana'arsu.

Ta biyu ita ce Down Street, tsakanin Green Park da Hyde Park Corner. An rufe ta tun 1932 saboda tana unguwar masu hannu da shuni, waɗanda ba su damu da jirgin talaka ba. Da yaƙi ya zo sai aka gina bango a bakin dandamalin, aka yanka shi ofis-ofis, daga nan ake sarrafa zirga-zirgar jiragen ƙasar baki ɗaya. Firayim Minista Winston Churchill ma ya fake a ciki a ƙarshen 1940. Har yanzu akwai tsohon allon sadar da wayar tarho da bahon wanka, duk ƙura ta rufe su. Jiragen layin Piccadilly suna wucewa ta bayan bangon, iska ta bugo ka, ƙasa ta girgiza, fasinjojin ciki kuwa kowa kansa na kan wayarsa.

Wuri na uku ba tasha ba ne sosai, mafaka ce da aka haƙa ƙarƙashin tashar Clapham South, matakala 180, aka shirya mata gadajen mutum 8,000. Ita ce ta fi taɓa mini zuciya. A watan Yuni na 1948 jirgin ruwan Empire Windrush ya kawo baƙaƙen fata daga yankin Karebiyan neman aiki, sama da 200 daga cikinsu ba su da masauki, sai aka sauke su a wannan rami. Ofishin neman aiki mafi kusa da su yana Brixton, wannan na cikin dalilan da suka sa unguwar ta zama tasu. Na tsaya gaban gadajen ƙarfen nan masu hawa-hawa ina tunanin mutumin da ya baro ƙasar rana, aka ce masa ga babban birnin Ingila, darensa na farko ya yi shi a ƙarƙashin ƙasa jirgi na ruri a samansa. Duk wanda ya taɓa sauka garin da ba shi da kowa ya san irin wannan dare.

Masu tambayar yadda nake ɗaukar hoton a duhu, babu wani sirri. Ba na kunna fitilar kyamara, don tana kashe kamannin wurin, kuma ba a shiga da ƙafar ɗora kyamara. Sai in jingina da bango, in manne gwiwar hannu a ƙirji, in riƙe numfashi, in bar idon kyamarar a buɗe ya ɗan jima yana shan haske. A cikin hoto talatin da ƙyar nake tsintar uku masu kyau.

Yanzu ga amsar Yaya Babba. Ba abin da ya shafi karatuna, ana nan ana rubutu, kuma in Allah Ya yarda zan gama a kan lokaci. Abin da yake kai ni ramukan nan shi ne Baba, Allah Ya jiƙansa. Shekara ashirin da wani abu ya yi yana akawun tikiti a tashar garinmu, a kan layin nan da ya tashi daga Zariya ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Da albashin tagar nan aka ciyar da mu aka sa mu makaranta. Amma duk gidanmu babu hotonsa ko ɗaya a bakin aiki. Da na tsaya gaban tagar sayar da tikiti ta Aldwych, katakonta yana nan, rubutun samanta yana nan, sai na nemi kamannin tasa tagar a raina na ji sun fara dushewa. Ina tuna ƙarar hatimin da yake buga wa tikiti da buhunan gyaɗa da auduga a jibge, amma launin ƙofar ya ɓace mini. Ni da na yi wayo a wurin ke nan, ina ga 'ya'yanmu da ba su san shi ba?

Mutanen nan ba su fi mu son iyayensu ba. Sun dai ajiye takarda da hoto da sunan wanda ya yi aiki, shi ya sa jagora zai tsaya ya gaya maka abin da aka dafa a wani ɗaki shekara 80 da suka wuce. Mu kuwa namu tarihin yana bakin tsofaffi, kuma kullum raguwa suke yi.

Saboda haka Auta, ga roƙona. Ranar da ba ka da makaranta ka je tashar da safe kafin rana ta yi zafi. Ka fara gaida duk wanda ka tarar yana kula da wurin, ka gaya masa kai ɗan wane ne, ka nemi izini. Ka ɗauko mini tagar tikitin ciki da waje, da allon sunan garin, da sikelin awon kaya in yana nan, da gidan ma'aikata inda aka haifi Yaya Babba. Ko wayarka ma ta isa. In da hali ka tafi da Kawu, tunda tare suka yi aiki da Baba, ka kunna rikoda ka bar shi ya yi ta magana, kada ka katse shi ko ya maimaita. Na ji an ce ƙafarsa ta matsa masa bana, to a ɗauki mota, kuɗin yana wuyana. Kada a ce sai bayan salla, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Duk wanda kuma yake da tsohon hoto na tashar ko na ma'aikatanta a ƙasan akwati, don Allah ya taimaka mana da shi, za a wanke a mayar masa da abinsa.

A gaida Inna da kyau, a gaida Gwaggo da yara duka. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sada mu da alheri. Sai wasiƙa ta gaba.

Naku har kullum,
ɗan uwanku a Landan.