Kacici-kacicin Jarida

Ran Jumma'ar da ta wuce wani dattijo ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ce, "Malam, har yanzu kana wannan cacar ta jarida?" To, bari in wanke kaina, gama ba caca ba ce, ko kwabo ba a sawa.

Sa'ad da na baro Kumasi na zo Landan, gadin dare na yi shekara da shekaru. Barci shi ne abokin gabana. A nan wani tsohon Bature abokin aikina ya koya mini wasan nan na cike gurabu da haruffa, wanda jaridar The Times ta fara bugawa a 1930. Irin na Ingila yana da makirci. Kowace tambaya kashi biyu ce: ɗaya ma'anar kalmar, ɗaya kuwa dabarar da aka ɓoye ta, sa'an nan a faɗi yawan haruffanta. Na yi wata uku ban ci ko ɗaya ba.

Kada ku raina shi. A 1944 kalmomin asirin yaƙi, irin su Omaha da Overlord, suka fito cikin na Daily Telegraph gab da tsallakawa Faransa, har jami'an tsaro suka je suka titsiye mai tsara shi, wani hedimasta.

Amma abin da ya sa na riƙe shi yanzu dabam ne. Jikana ɗan shekara 12 yana jin Hausa, ba ya mayarwa. Na yi faɗa, na yi lallashi, a banza. Sai na fara tsara masa da Hausa. Na rubuta: "An yamutsa riga, ga wurin da sarki ke mulki, harafi 4." Watau gari. Yaron ya yi shiru, can ya ce, "Kaka, ai gira ma ta fito!" Ashe ya san kalmar, ɓoye ta ya yi. Na ce haruffa sun yi daidai, amma wane sarki ya taɓa mulkin gira? Ranar muka yi hirar da ba mu taɓa yi ba.

Ga ɗaya domin 'yan kasuwa, har da Alhajin da ya tare ni: "Mahaifiya ta ɓuya cikin kasuwa, harafi 3." Wanda ya gano ya same ni bayan sallar Jumma'a, goronsa yana aljihuna.